Gumi a Samnu, Fuloti a Gida: Da Wane Kuɗi Ake Sayen Fili?

Samnu ƙaramin gari ne na dabino a yankin Bawanis, arewa maso gabas da Sabha, a kan titin da ya miƙe zuwa Jufra. Shi da Tamanhint da Zighan maƙwabtan juna ne. Wanda ya san kudancin Libiya ya san cewa a irin waɗannan garuruwa gonar ta ɗan ƙasa ce, amma hannun da ke ban ruwa, da yankan ciyawar dabbobi, da hawa dabino lokacin girbi, galibi na baƙo ne: ɗan Nijar, ɗan Chadi, ɗan Sudan, ɗan Najeriya. Ƙididdigar hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a ƙarshen 2023 baƙin da ke Libiya sun haura 700,000, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu 'yan Nijar ne. Hausa kuwa ba yau ta fara taka wannan yanki na Fezzan ba. Tun zamanin ayari, lokacin da fatake ke tashi daga Kano su bi ta Damagaram da Agadas su ɓulla Gat da Murzuk, ake jin ta a kasuwannin yankin.

Ka tambayi ɗaya daga cikin waɗannan samari abin da ya raba shi da gida, amsar ba ta wuce uku: abincin iyali, kuɗin aure, da fili. Na farko da na biyu suna ƙarewa. Filin ne ake nunawa a ce ga abin da wane ya samo a Libiya. To, da wane kuɗi ake sayen wurin da babu gini a kansa, ba ya kawo haya, ba ya ba da amfanin gona? Tambayar ta shafi lebura a Samnu, ta shafi malamin makaranta a Zariya, ta shafi 'yar kasuwa a Maraɗi, kuma amsarta kusan ɗaya ce a duk wuraren.

Sayen fili a Libiya dai ba maganar baƙo ba ce, domin dokar ƙasar ba ta ba shi damar mallaka ba, in ban da ɗan sassaucin da aka yi wa manyan masu zuba jari. Amma shi kansa ɗan ƙasar ba a kwance yake ba. A 1978 gwamnatin Gaddafi ta kafa Doka ta 4, wadda ta ƙayyade wa kowane magidanci gida ɗaya ko fili ɗaya na gina gida, abin da ya ƙaru ya koma hannun hukuma, mai haya kuma ya wayi gari shi ne mai gida. A tsakiyar shekarun 1980 aka cinna wa kundin rajistar filaye wuta, sannan Doka ta 7 ta 1986 ta soke mallakar ƙasa baki ɗaya, ta bar wa mutane haƙƙin amfani kawai. Bayan juyin 2011 majalisar riƙon ƙwarya ta dakatar da sabuwar rajista don kada masu bindiga su halatta abin da suka ƙwace, dakatarwar kuma ta ɗauki shekaru. Shi ya sa a yau ake iya samun fili ɗaya da masu shi uku: jikan wanda aka ƙwace wa, da wanda gwamnati ta bai wa, da wanda ya saya daga hannunsa. A kudu sai a ƙara da na huɗu, wato ƙabilar da ke cewa tun kaka da kakanni wurin nata ne.

Ta fuskar bashi ma ƙofar ta ƙuntata. Akwai bankin tanadi da gine-gine na gwamnati wanda a da yake bai wa 'yan ƙasa rancen gina gida, amma rikici ya raunana shi. A 2013 majalisa ta kafa Doka ta 1 da ta haramta kuɗin ruwa, ta fara aiki a kan ɗaiɗaikun mutane nan take, a kan kamfanoni kuma daga farkon 2015. Niyyar mai kyau ce, sai dai an rufe tsohuwar hanya kafin a gama share sabuwa. Bankuna suka koma murabaha, wato su sayi kaya su sayar wa mutum ya biya kaɗan-kaɗan, a kan mota da kayan ɗaki, abin da suke iya gani su ƙiyasta. Ga kuma ƙarancin takardun kuɗi, wanda ya sa mutum yana da albashi a asusu amma sai ya kwana a layi, ko ya sayar da cekinsa a kasuwa da ragi. Wannan matsala tana gangarowa har kan lebura: mai gona ya ce a yi haƙuri banki ba kuɗi, wata ya bi wata, shi kuwa can gida dillali yana jiran cikon.

Abin lura shi ne, a shekarar nan ta 1978 Najeriya ma ta yi tata dokar ta filaye. A watan Maris gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma ba shi da ikon sayarwa ko jinginarwa sai da amincewar gwamna. A 1989 Kotun Ƙoli, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, ta yanke cewa jinginar da aka yi ba tare da wannan amincewa ba ɓatacciya ce. Tun daga nan kowane banki ya shiga taitayinsa. Ba zai karɓi takardar mai unguwa ba, ba zai karɓi takardar ciniki mai sa hannun shaidu huɗu ba, sai takardar shaidar mallaka ta gwamnati. Kwamitin gyaran harkar filaye da marigayi Shugaba 'Yar'aduwa ya kafa a 2009, ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya ƙiyasta cewa ƙasar da ke da rajista a Najeriya ba ta wuce kusan kashi 3 cikin 100 ba. Ke nan mafi yawan filayen da talaka ke iya saya, a idon banki, babu su.

Ko da takardar ta cika, banki ba ya ɗokin fili. Gida yana da ɗan haya, ana iya riƙe kuɗin hayar a rage bashi. Fili kuwa in mai bashi ya gaza, sai an je kotu, sai an nemi mai saye, kuma a unguwa ba kowa ke son sayen abin da aka ƙwace wa maƙwabcinsa ba. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana cire kashi 2.5 na albashin ma'aikaci, yana ba da rance a kan ruwa kashi 6 har tsawon shekara 30. Amma rancen na sayen gida ne, ko gini, ko gyara. Wanda zai yi gini sai ya zo da filinsa da takardarsa. Matakin farko, wanda shi ne mafi wuya, an bar wa mutum shi kaɗai.

Bankin kasuwa kuma lissafinsa kaɗai ya isa ya kori mai hankali. A ƙarshen 2024 babban bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5, abin da ke nufin mai karɓar rance zai biya sama da haka. A ce fuloti na naira miliyan 3 ne, aka ci bashinsa a kan kashi 30 na shekara uku. Kowane wata za a biya kusan naira 127,000, jimilla kusan miliyan 4.6, a kan wurin da bai kawo ko sisi ba a tsawon lokacin. Wannan kafin a zo maganar haramcin riba, wadda ga mafi yawan masu karanta wannan ita ce ta farko. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ da Lotus da suka biyo baya, sun kawar da wannan damuwa, amma su ma suna neman albashin da ke shiga asusu da takardar da kotu za ta amince da ita. Lebura a Samnu ba shi da ko ɗaya. A Nijar an buɗe bankin gidaje a 2018, shi ma hankalinsa yana kan mai albashi. Can ma fili ya daɗe da zama kuɗi a kan kansa, har ta kai a farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya ma'aikata bashin albashinsu da filaye.

Saboda haka mai sayen fili shi ne bankin kansa, kuma hanyoyinsa sanannu ne. Akwai tari, akwai adashi, akwai sayar da kadara: sa, ko babur, ko gwal ɗin uwargida. Akwai kuma biya kaɗan-kaɗan ga mai filin.

Tari shi ne mafi tsafta, amma ga mazaunin Libiya shi ne mafi haɗari. Baƙon da ba shi da takardar zama ba ya buɗe asusu, kuɗinsa yana cikin ƙullin leda a ƙarƙashin katifa ko a hannun maigidansa. 'Yan fashi sun san haka, masu kame ma sun sani. A watan Janairun 2025 an kwaso 'yan Nijar fiye da 600 daga Libiya aka sauke su a Dirku, kuma wanda aka kama a kan titi ba a ba shi damar komawa ɗaki ya ɗauki ajiyarsa. Ga kuma faɗuwar dinari. Kafin 2021 dala ɗaya a farashin hukuma kusan dinari 1.4 ce. A Janairun 2021 aka mai da ita 4.48, a Afrilun 2025 ta koma kusan 5.57, a kasuwar bayan fage kuma ta fi haka. Ɗan Nijar da ke riƙe dinari asara yake yi, domin sefa a ɗaure take da yuro, kowane yuro ɗaya sefa 655.957. Gara ya tura da wuri. Ɗan Najeriya lamarinsa ya fi rikitarwa: naira ta tashi daga kusan 460 a dala kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi ta kusa kashi 35 a ƙarshen shekarar. In ya tura kuɗin suka zauna a asusun ƙaninsa, suna narkewa, farashin fili kuma yana gaba. Wannan ne ya sa mutane ke gaggawar zuba kuɗi a ƙasa, gaggawar kuma ita ce abincin macuta.

Adashi yana maganin rabin matsalar. Mutum goma 'yan gari ɗaya, kowa ya zuba abin da aka yanke a ƙarshen wata, mai kwasa ya samu dunƙulen da zai iya tunkarar dillali da shi. Babu ruwa, babu jingina, jarinsa sanin asali ne. Rauninsa a Libiya shi ne zaman ba tabbas: in aka kama biyu daga cikin goma, ko mai gona ya riƙe albashin uku, zubi ya tsaya, mai kwasar ƙarshe shi ke kwana a ciki. Ga wanda zai shiga, ƙaramin rukuni mai gajeren zagaye ya fi, kuma a rubuta sunan wanda zai karɓa ko ya cike a gida in wani abu ya faru.

A ganina hanyar da ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi ita ce biya kaɗan-kaɗan, in an yi ta yadda ya kamata. Dalili kuwa, ita kaɗai ce ke tsayar da farashi yau, ta bar mai saye ya biya da kuɗin gobe. A ƙasar da kuɗi ke faɗuwa wannan ba ƙaramar riba ba ce. Mai fili ya san haka, shi ya sa yake ɗora wani abu a kan farashin hannu da hannu, kuma jumhurun malamai sun halatta wannan ƙari muddin an yanke farashi ɗaya a zaman ciniki. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a 1990, tare da sharaɗin cewa in mai saye ya makara ba a ƙara masa ko kwabo, don wannan ƙarin shi ne riba. Inda ake yawan samun rigima shi ne kafin alƙalami. Mutum ya ba da kashi ɗaya cikin uku, aiki ya tsaya masa, mai fili ya ce kuɗin sun ci kansu. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a Kano da Damagaram da Fezzan baki ɗaya, ba a yarda mai sayarwa ya cinye irin wannan kuɗi don ciniki ya fasu ba, ko da yake Hambaliyya sun sauƙaƙa. Maganin saɓanin shi ne a rubuta tun farko: in na gaza, wata nawa za a jira ni, nawa za a mayar mini, kuma yaushe. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Abin takaici ne a ga mutumin da ba ya wasa da sallah yana jin nauyin ce wa ɗan'uwansa a rubuta.

Kamfanonin da ke yanka filaye suna tallar biya wata-wata a rediyo da Facebook sun ƙaru ƙwarai. Akwai na kirki a cikinsu. Tambayar da za a yi musu ɗaya ce: ina taswirar da hukumar tsara birni ta amince da ita, kuma sunan wa ke kan takardar babban filin? Rasit mai tambarin kamfani shaida ce ta cewa ka ba da kuɗi, ba shaida ce ta cewa ka mallaki ƙasa ba.

Yanzu ga yadda cinikin nesa yake kasancewa. Bayan la'asar, lebura ya sami inda sabis ke kamawa a gefen gona, ƙaninsa ya kira shi ta bidiyo a WhatsApp. Ga fili shimfiɗe, ga karan dawa na bara, ga bulo huɗu an kafa a kusurwoyi. Dillali ya leƙo da fuskarsa: "Alhaji, hamsin da hamsin ne cif, ga titi nan zai biyo ta gabas. Wallahi mutum biyu ke bina da kuɗi, don dai kai namu ne." Ƙanin ya ce, "Yaya, wurin ya yi, kada mu bari ya wuce." Washegari a kai dinari wurin mai aike a Sabha, ya cire ladansa, wakilinsa ya biya a gida. Abin da wayar ba ta nuna ba ya fi abin da ta nuna yawa. Ba ta nuna cewa gonar gado ce, kuma akwai 'yan'uwa mata biyu da ba a tambaye su ba. Ba ta nuna cewa a watan Agusta wurin tafki ne, abin da mutanen Maraɗi da suka ga ambaliyar 2024 ba sa bukatar a yi musu bayani. Ba ta nuna ko titin da ake faɗa ta gefen filin zai bi ko ta tsakiyarsa.

A Kano ana raba filaye gida biyu: awon gwamnati da awon igiya. Na biyun shi ne wanda mai gona da dillalai suka yanka da kansu, ba hanyar kirki, ba magudanar ruwa, ba wurin makaranta. Ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma gaskiya ita ce unguwanni da yawa na birnin haka suka tashi, don awon gwamnati ba ya isa, in ya fito ma masu hanya ke rabewa. Ba zan ce wa talaka kada ya saya ba, don sau da yawa ba shi da zaɓi. Amma ya san abin da ya saya, ya je hukumar tsara birni ta KNUPDA da ofishin rajistar filaye na KANGIS ya bincika ko wurin yana cikin wani shiri na gwamnati. A Nijar ma matakan takarda daban-daban ne: shaidar gargajiya ta mai gari, takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa bayan an yi lotisma, wato an yanka filaye, sannan titir fonsiye, wadda ita ce mai ƙarfin gaske. Kowane mataki da farashinsa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce tazarar kwanciyar hankali.

A nan ne nake ganin mafi yawanmu muke kuskuren lissafi. Muna ɗaukar kuɗin fili shi ne abin da aka miƙa wa mai fili. Alhali akwai la'adar dillali, da kuɗin mai awo, da na bincike, da na rajista da neman amincewar hukuma, da harajin ƙasa na shekara-shekara, da katanga ko aƙalla harsashi. Wanda ya zuba duk abin da ya tara a kan babban fuloti ya bar waɗannan, ya sayi rigima ce da kuɗinsa. Dokar Najeriya ta 1978 tana da wani sashe da ya kamata kowane mai fili ya sani: in gwamnati ta karɓe wuri don amfanin jama'a, diyyar da take biya ta abin da aka gina ko aka shuka ce. Ƙasar kanta, abin da ake mayarwa bai wuce harajin da aka biya a shekarar ba. Kuma takardar gwamnati tana zuwa da sharaɗin a gina cikin ƙayyadadden lokaci. A Satumbar 2023 ministan Abuja ya soke filaye 165 saboda rashin gini, cikinsu har da na manyan mutane. In haka ta faru da masu ƙarfi, mai fuloti ɗaya da ke bayan Sahara ba shi da dalilin sakin jiki.

Sai maganar suna, wadda ake jin kunyarta. Da yawa sun dawo sun tarar takarda da sunan wa ko ƙane, don shi ne ya tsaya a ciniki. Ana zaune lafiya shekara goma, ranar da ɗayansu ya rasu filin ya shiga gadon da ba nasa ba. Haka matar da ta sayar da sarƙarta aka cika kuɗi, ba a rubuta ko rance ta bayar ko tarayya ta shiga ba. Sa sunan mai kuɗi a takarda, da rubuta wakilci ga wanda ya tsaya, ba zargin kowa ba ne, kare zumunci ne. Ta fuskar zakka kuma niyya ce ke rabewa: filin da aka saya don a zauna babu zakka a kansa, wanda aka saya don jiran farashi kuwa kayan kasuwa ne, a Malikiyya ana fitar masa ta shekara ɗaya ranar da aka sayar.

Hukumomi suna da nasu kason, kuma ba ƙarami ba ne. Muddin jiha ba ta yanka ƙananan filaye masu hanya da magudana ta sayar a bainar jama'a, da tsarin biya na shekara biyu ko uku, awon igiya ba zai tsaya ba komai yawan rusau. Muddin takardar mallaka tana cin watanni da kuɗin da ya kusa na filin, talaka ba zai neme ta ba. Bankunan Musulunci kuma suna iya sayen babban fili mai takarda su yanka su sayar ta murabaha ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mazauna waje, inda ƙungiya za ta tsaya wa ɗanta a madadin takardar albashi.

Kafin a kai can, ɗan'uwa da ke Samnu ko Sabha ko Ubari, ga abin da ke hannunka. Kada ka ci bashin ruwa don fili. Kada ka tara dinari a ɗaki. Ka sayi wanda ya gaza ƙarfinka kaɗan, ka bar ragowar don takarda da katanga. Ka sa wani dabam, wanda ba shi da ko sisi a la'adar, ya je ya ga wurin da damina, ya gana da mai unguwa da magada da maƙwabta. Ka raba biyan kashi-kashi, kowane kashi a ɗaure shi da takardar da za a miƙa, kuma kada cikon ƙarshe ya bar hannunka sai an turo maka hoton takarda mai ɗauke da sunanka da sunan mahaifinka.